Tukunya Mai Riga: Abin da Ɗan Kasuwa Zai Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Duk mai harkar nono, ko man kaɗe, ko sabulu, ko alawa, tsakanin Maraɗi da Jibiya ko Ƙonni da Illela, ya san ciwon ƙonon tukunya. Wuta na lasar gindi, ƙasa ya kama, sama bai ɗau zafi ba. Lita ɗari ta nono ta yi ƙauri, jari ya bi iska. Maganin da masana'antu suka samo shi ne tukunya mai riga, wato mai bango biyu. Kayan da ake dafawa suna ciki, a tsakanin bangon biyu kuma akwai fili inda tururi, ko ruwan zafi, ko wani mai na musamman ke zagayawa. Harshen wuta ba ya taɓa kayan ko kaɗan.

Irin waɗannan tukwane suna iso mu sababbi da na hannu, daga Kano ko daga tashar jiragen ruwa ta Lome. Mai saye kan tambayi abu biyu kawai: lita nawa take ci, kuma nawa ne kuɗinta? Mu kuwa a ganinmu akwai tambaya ta uku da ta fi su nauyi: cikin minti nawa take kai kaya ga zafin da ake so?

Me ya sa tururi?

Kilo guda na tururi, idan ya koma ruwa a jikin bango, yana sakin zafin da ya ninka fiye da sau 5 wanda ake buƙata don kai kilo guda na ruwa mai sanyin ƙanƙara ga tafasa. Ga shi kuma ana iya juya shi yadda ake so. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa na tafasa a digiri 100, amma idan aka matse tururi har allurar agogon rigar ta nuna bar 1, zafinsa ya kai wajen digiri 120. A bar 3 kuma wajen 143.

Kowace sana'a da nata zafi. Nono ana kashe ƙwayoyin cutarsa a digiri 63 na tsawon minti 30, dabarar da ta samo suna daga Louis Pasteur, masanin nan na Faransa. Mai yin yawur yakan kai shi wajen 85, sannan ya sauko da shi zuwa wajen 43 kafin ya zuba iri. Rigar da ta ɗumama shi, ita ce ake tura wa ruwan sanyi ta huce shi. Nono ya fi son ruwan zafi a cikin riga, don bango mai tsananin zafi yana sa shi kamawa. Alawa mai tauri kuwa sai wajen digiri 150, wadda ke neman tururi mai matsi sosai ko kuma mai.

Girma ba shi ne sauri ba

A nan ne da yawa ke faɗawa rami. Zafi ta jikin bango yake shiga, saboda haka faɗin bangon da riga ta rufe shi ne ƙofarsa. Idan aka ninka faɗin tukunya da tsawonta sau 2, cikinta ya ninku sau 8, amma bangonta sau 4 kaɗai. Ke nan wanda ya bar tukunyar lita 100 ya sayi ta lita 800 mai siffa iri ɗaya, zai jira kusan ninki biyu na lokacin da ya saba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Haka kuma sai a duba inda rigar ta tsaya. Wata gindi kaɗai ta rufe, wata har kafaɗa. A cika tukunya sama da iyakar rigar, aiki ya yi nawa. A zuba kaya kaɗan, bangon sama ya yi ta ƙona abin da ya fantsama masa.

Sai muciya. Kayan da ke manne da bango suna zama kamar bargo, su tare zafi. Muciya mai injin ita ke kawar da su ta kawo masu sanyi. Abu mai kauri, kamar sabulu ko markaɗen tumatir, yana son muciyar da ke kankare bango; ƙaramar farfela mai gudu ta nono ce da sauran kaya masu ruwa-ruwa.

Na ƙarshe shi ne datti. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana barin farin ɓawo a cikin riga da cikin tukunyar da ke haɗa tururin. Wannan ɓawo ya fi ƙarfen kansa tare zafi nesa ba kusa ba, har siririnsa ma yana ƙara cin gas ko itace. Haka ruwan da tururi ya koma: in bai samu mafita ta ƙasa ba, sai ya cika riga, tukunya ta yi sanyi alhali wuta na ci.

Kafin a shiga ciniki

Mu nemi allon ƙarfen da maƙera suka manna mata. A kansa ake rubuta iyakar matsin da rigar ke ɗauka da shekarar ƙira. Tukunyar da ba ta da shi, ba wanda ya san ƙarfinta. Mu tabbata akwai agogon matsi da bawul ɗin tsaro mai buɗe kansa idan tururi ya yi yawa, kuma kada a yarda wani mai walda ya toshe shi don yana yoyo. Matsin riga yana danna bangon ciki ne, yana iya lotsa shi, yana iya fasa na waje a kan ma'aikata. Gwajin ƙarfinta da ruwan sanyi ake yi, ba da iska ko tururi ba.

Ƙarfen ciki, in na abinci ne, ya zama marar tsatsa mai lamba 304. In akwai gishiri a aikin, 316 ya fi jurewa. Maganaɗisu kaɗai ba ya raba gardama, domin mai lamba 201, wanda ya fi araha kuma ya fi saurin tsatsa, shi ma ba ya kama shi sosai. Injin muciya kuma a duba irin wutarsa: lantarkinmu mai bugu 50 ne a daƙiƙa, na Amurka 60, kuma manyan injuna da yawa wuta mai layi uku suke so, wadda ba kowane shago ke da ita ba.

Daga ƙarshe, a ce wa mai kaya ya cika ta da ruwa, ya kunna, a riƙe agogo da ma'aunin zafi. Mintocin da ta ɗauka su ne gaskiyar kuɗinta. Wanda ya ƙi a gwada, a bar masa kayansa. Araha ba ta ado.