Kafin Hadari Ya Haɗo Daga Gabas

Irin mahaukaciyar guguwar da ke rusa garuruwan bakin teku a Amurka ba ta zuwa Zariya, domin sai a kan teku mai ɗumi take samun ƙarfi. Amma da yawa daga cikin manyanta a sararin samaniyarmu suke soma tasowa. Hadarin da ke haɗowa daga gabas ya ratsa ƙasar Hausa, shi ne wani lokaci yake miƙawa yamma har ya faɗa tekun Atilantika ya rikiɗe, kamar yadda guguwar Irma ta 2017 ta samo asali. Mu rabonmu shi ne iskar farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, wadda ke yaye kwano ta karya turakun wuta, sai kuma ruwan Agusta mai cika kwata ya kwararo cikin shaguna. Ga mai shago a Tudun Jukun, ko tela ne ko mai kayan masarufi ko mai injin niƙa, waɗannan biyun sun isa su cinye jarin shekaru cikin dare ɗaya. Ra'ayina shi ne, ba ƙarfin iska ke raba wanda ya farfaɗo da wanda ya rufe shago ba, abin da kowannensu ya yi tun da rani ne.

A duba rufi tukuna. Iska ba danne kwano take yi ba, ɗaga shi take yi: ta shiga ta ƙarƙashin baki ko ta ƙofar da aka bari buɗe, ta tura shi sama. Inda gara ta ci katako, ko ƙusa ta yi tsatsa ta saki, nan take farawa, kuma da falle ɗaya ya tashi sauran sun bi. Kafinta zai iya duba wannan a wuni guda cikin Maris, ya sauya ruɓaɓɓen katako, ya ɗaure rufin da bango da ƙarfe. Jibga duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba ɗauri ba ne. In iska ta yi ƙarfi su ma jifa suke zama. A ƙasa kuma, buhun fulawa da sukari da siminti su hau kan katako, janareta da firiji su bar daɓe, a kuma kwashe ledojin da suka toshe kwata kafin ruwan farko. Wannan na ƙarshe aikin layi ne gaba ɗaya, don kwatar da ka share ba ta da amfani in ta maƙwabcinka a cushe take.

Abin da aka fi sakaci da shi, kuma ya fi kashe kasuwanci, shi ne littafin bashi. Ƙaramin ɗan kasuwa yakan tara komai wuri guda: kaya, cinikin mako, takardun haya, da littafin da ke ɗauke da sunayen masu bashi. Ruwa ya jiƙa littafin, tawada ta narke, shi ke nan ba shi da hujjar karɓar kuɗinsa, alhali dilan da ya ba shi kaya nasa lissafin yana nan a bushe. Ɗaukar hoton shafukan da waya duk ƙarshen mako ba ya cin ko kwabo. Haka ajiye wani kaso na jari a banki ko a adashi, domin mako biyun farko bayan ɓarna su ne ma'auni: wanda ya sake rufi ya buɗe da wuri yana riƙe masu sayensa, wanda ya daɗe a rufe sai ya tarar sun saba da wani shagon.

Wani zai ce ai abin da Allah ya ƙaddara babu makawa. Haka ne, amma tanadi bai taɓa saɓa wa tawakkali ba, kuma ƙissar Annabi Yusuf da ajiyar hatsi ta ishe mu hujja. Wani kuma zai ce gwamnati za ta kawo agaji. Hukumar NEMA da takwararta ta jihar Kaduna suna raba kayan agaji, sai dai shinkafa da tabarma da bandir ɗin kwano na tsayar da rai ne, ba sa mayar da jari. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma a Satumban 2024 ɓallewar madatsar Alau ta shafe har Kasuwar Monday ta Maiduguri. A irin wannan hali mai shago ɗaya ba ya cikin sahun farko.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na rashin hali da kuma ƙyamar inshora saboda riba. Na biyun yana da amsa, domin tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, inshorar taimakekeniya bisa tsarin Musulunci, ko da yake kamfanoninta ba su kai ga ƙananan shaguna yadda ya kamata ba. Na farkon gaskiya ne, kuma shi ya sa ya fi dacewa 'yan layi ɗaya su kafa asusun gyara, kowa ya riƙa zuba kaɗan daga Janairu, su ɗauki kafinta ɗaya ya bi shagunan duka. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, saboda haka shugabannin 'yan kasuwa suna da watanni biyu zuwa uku na shiri kafin iskar Afrilu.