Duka Ba Ya Ƙara Wa Sa Nauyi

Ran kasuwa na ga an sauke wani bijimi a bakin kwata, ya kwanta don gajiya, yara suka hau shi da sanda. Da aka feɗe, duk inda sanda ta sauka jini ya kwanta, malamin dabbobi ya sa aka yanke wurin aka zubar. Hasarar wa? Ta mai sa.

Jama'a, dabbar da aka yanka a gajiye namanta yakan yi baƙi, ya yi saurin ɓaci. A bar ta ta kwana, ta sha ruwa, a duba lafiyarta, kana a yanka da wuƙa mai kaifi, ba a gaban 'yar'uwarta ba. Dokar Final Kod ta 1960 ma ta hana azabtar da dabba. Sarakunan fawa, sai ku sa ido.