Shin Ko Kun San? Yadda Ake Gane Ma'adinai a Kasuwar Kurmi

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ma'adinai ke shigowa Kasuwar Kurmi, a da can a bayan raƙuma da jakuna. 'Yan koli da masu kanwa ba su da na'ura, da ido da hannu da harshe suke tantance kaya. Da irin waɗannan dabaru masana duwatsu ke fara bincike har gobe.

• Shin ko kun san launi shi ne ya fi ruɗar mai saye? Akwai dutsen da ake kira fairait, mai ƙyalli sak zinare. A goga shi a gindin tangaran, inda babu sheƙi: baƙin layi zai bari, zinare kuwa rawaya. A buga shi da guduma ya farfashe, zinare kuwa sai dai ya baje.

• Shin ko kun san nauyi ba ya ƙarya? Zinare ya ninka ruwa mai girmansa nauyi sau 19, fairait sau 5 kacal. Tun ƙarni na 11 malamin Musulunci Al-Biruni ya auna nauyin duwatsu masu daraja ta hanyar ruwan da suke turewa.

• Shin ko kun san dutsen tozali yana fashewa ne murabba'i-murabba'i, kuma ya ninka ruwa nauyi fiye da sau 7? Wannan nauyi na dalmar da ke cikinsa ne, ita kuwa dalma guba ce, musamman ga jarirai. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara.

• Shin ko kun san a 1812 Bajamushe Friedrich Mohs ya jera taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10? Mai tauri ke karce mai laushi. Farce yana kan 2.5, gilashi 5.5, dutsen ƙanƙara 7, daimon 10. Duk “dutse mai daraja” da wuƙa ta karce cikin sauƙi, a yi hattara da shi.

• Shin ko kun san lemon tsami yana raba kanwa da gishiri? A ɗiga shi a kan kanwar ƙasar Manga ko ta Tafkin Chadi, nan take ta yi kumfa. Tsantsar gishiri kuwa jiƙewa kawai zai yi.

• Shin ko kun san farar wuta launinta rawaya ne, kuma in aka kunna ta sai ta ba da shuɗin harshe da wari mai shaƙe maƙogwaro?

• Shin ko kun san tama ce ta jawo maƙera gindin Dala tun wajen ƙarni na 7? Wata tamar jan layi take bari in an goga ta, wata kuma maganaɗisu ke kamawa.

• Shin ko kun san kuzar Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, da nauyinta ake raba ta da yashi? A kaɗa a ƙwarya cikin ruwa, yashi ya tafi, baƙar kuza ta kwanta.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. A haɗa nauyi da tauri da launin layi kafin a zaro kuɗi, kuma kada a kai dutsen da ba a sani ba baki, balle idon yaro.