Fadar Sarkin Gombe: Gidan Sarautar Da Ya Yi Ƙaura Sau Biyu

Fadar Sarkin Gombe, wadda ke tsakiyar tsohon gari daura da babban masallacin Juma'a, ba ta kai takwarorinta na Kano da Katsina daɗewa ba. Sai dai sarautar da ke cikinta ta haura shekara 200, kuma ta zauna a garuruwa biyu kafin ta iso inda take a yau.

Modibbo Buba Yero, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da suka karɓi tuta, shi ne ya kafa masarautar a zamanin jihadin da ya fara a 1804. Ya yi mazauninsa a Gombe Abba, kusa da kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Dukku ta yanzu, kuma a can kabarinsa yake. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar, aka kuma yi yaƙin Burmi a 1903, sai suka mayar da hedikwata Nafada a 1913. A 1919, zamanin Sarki Umaru, aka sake ƙaura zuwa Doma, wurin da ya zama birnin Gombe.

Tsarin fadar ya bi al'adar gidajen sarauta na ƙasar Hausa da daular Sakkwato. Akwai fili a ƙofar fada, inda jama'a ke taruwa, mahaya kuma ke jafi a lokacin hawan Sallah. Daga babbar ƙofa sai zaurukan da sarki ke zaman fada, yana karɓar gaisuwar hakimai da baƙi. Can ciki kuma sai gidan iyali, inda baƙo ba ya shiga. Kusancin fada da masallaci ba dace ba ne kawai: yana nuna yadda masu jihadi suka haɗa mulki da addini wuri guda.

A irin wannan gini na gargajiya, magina kan ɗora bango da tubalin ƙasa, su yi rufi da azara, wato itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Sukan tanƙwara baka don ɗaukar rufin soro mai faɗi, su kafa zanko a kusurwoyi, sannan su shafe bango da makuba saboda ruwan damina. Kaurin bangon ne ke sa ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu.

A nan ne abin damuwa yake. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe kusan kowace shekara, don haka siminti da kwano suka maye gurbinsa a fadoji da dama, masu sanin aikin kuma suna ta raguwa. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, sabbin gine-gine suka yi ta kewaye tsoffin unguwanni.

Sarki na yanzu, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na Uku, ya gaji mahaifinsa, Shehu Usman Abubakar, a 2014. Aikin da ke gaban masarauta da hukumomin adana kayan tarihi shi ne kula da abin da ya rage a Gombe Abba, da kuma koya wa matasa sana'ar ginin gargajiya tun tsofaffin magina na da rai.