Yadda Ake Gane Tsohuwar Azurfa Marar Hatimi

Fataken Arewa da ke sauka a Upper Iweka, cikin Anaca, sukan ci karo da tsofaffin 'yan kunne da warwaro na saƙar siririyar wayar azurfa, waɗanda ba su da hatimi. Rashin hatimi ba ya nufin jabu ne, domin maƙeran farfaru na Kano da Agadas ba su saba buga shi ba. A da, sukan narka liyari mai ɗauke da shekarar 1780, wanda kashi 83 cikin 100 nasa azurfa ce.

Gwajin farko shi ne mayen ƙarfe, wanda ba ya jan azurfa. Sai dai tagulla ma ba ya jan ta, don haka wajibi ne maƙeri ya kankare wani ɓoyayyen gefe ya ɗiga ruwan gwaji. Idan wurin ya koma kore, tagulla ce aka yi wa ruwan azurfa.

Laimar Kudu tana saurin baƙanta azurfa. A wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗumi, a busar, a naɗe cikin ƙyalle. Gugar toka ko yashi tana cinye wayar, alhali a saƙar nan darajar kayan take.