Gwarzo da Kabo: Ƙasar Rafuka, Albarkarta da Haɗarinta

'Yar'uwa mai karatu, idan kika bar birnin Kano kika nufi yamma, kika wuce Rimin Gado, kin shiga ƙasar Kabo, daga nan sai Gwarzo, wadda ta yi iyaka da Jihar Katsina. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa da fadama, ga garuruwa irin su Garo, Godiya, Getso da Kutama. A tudu ana noman dawa, gero, masara, gyaɗa da wake. Amma abin da ya fi raya yankin shi ne ruwa.

Ƙananan rafuka irin su Guzuguzu da Magaga suna ratsa yankin, su gangara su faɗa Kogin Challawa. Shi kuma ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, su nufi Tafkin Chadi. Da yake damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sai gwamnati ta datse waɗansu rafukan, kamar dam ɗin Guzuguzu da ke Kabo. A maƙwabta, Ƙaraye, akwai babban dam na Challawa da aka kammala a 1992. Albarkacinsu ake noman rani, tumatir, albasa da tattasai su shigo kasuwa, masunta su samu abin sawa a bakin salati.

To sai dai 'yar'uwa, ruwan da ya tsaya wuri ɗaya yana da nasa sharrin. A cikinsa ƙananan dodon koɗi ke hayayyafa, masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Ƙwayar ba sai an sha ruwan take shiga jiki ba, ta fata take ratsawa yayin wanka, wanki ko kamun kifi. Alamarta ita ce jini a ƙarshen fitsari. Har gobe waɗansu na ɗauka alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ko kusa! Ciwo ne mai rage jini, ya raunana mafitsara, ya hana yaro fahimtar karatu. 'Yan mata ma ba su tsira ba, don yana taɓa mahaifa. Maganinsa, praziquantel, ana samunsa a asibiti.

Sai kuma nutsewa. Ba mu manta da hatsarin kwalekwale na Nuwamba 2021 a dam ɗin Watari da ke Bagwai ba, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara ɗalibai.

Saboda haka, uwa, ki san rafi ko kududdufin da ke kusa da gidanki, ki san lokacin cikarsa. Kada ki aiki ƙaramin yaro ɗibar ruwa shi kaɗai. Ruwan wankan da aka ɗebo daga dam a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana biyu kafin a yi amfani da shi. Ki riƙa tambayar yaranki yadda fitsarinsu yake, kada kunya ta hana ki. In kin ga jini, sai asibiti.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.