Naira 3,500 A Wata: Yadda Ta Kaya A Ƙauyukan Jigawa Da Zamfara

Duk wanda ya san zaman ƙauye ya san babu watan da ya kai Agusta wuya a gidan ƙaramin manomi. Ruwa na zuba, gona ta yi kore shar, amma rumbu ya daɗe da yin fayau. Gero bai nuna ba, hatsin bara kuwa ya ƙare. A wannan lokaci ne magidanci kan bar tasa gonar ciyawa na cinta, ya saɓi fartanya ya tafi ƙwadago gonar mai hali, domin ya samo mudun da za a tuƙa da dare. In ƙwadagon bai samu ba sai a ci bashin hatsi a biya da kaka. Da kakar kuma, lokacin da hatsi ya fi araha, dole ya kai nasa kasuwa ya biya bashi, sa'an nan ya komo ya saye shi da tsada a damina mai zuwa. Haka abin ya ke juyawa shekara da shekaru.

To, me zai faru idan aka ɗauki tsabar kuɗi aka danƙa wa irin wannan gida, maimakon buhun masara ko na taki? Masu suka sun daɗe suna cewa kuɗin a biki da ƙarin aure za su ƙare, mutane kuma su miƙe ƙafa su daina aiki. An gwada abin a ƙasar nan, an kuma bi sawunsa da awo da lissafi.

Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri a ƙananan hukumomi biyar, watau Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jihar Jigawa, da Anka da Tsafe a Jihar Zamfara. Gwamnatin Ingila ce ta ba da kuɗin, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka yi aikin. Tsarin ba shi da wani ɗaurin kai. Mace in ta sami ciki sai a rubuta sunanta, a riƙa ba ta Naira 3,500 kowane wata har ɗan da ta haifa ya cika shekara biyu. A 2017 aka ƙara kuɗin suka zama Naira 4,000. Ba a gindaya mata sharaɗin abin da za ta saya ba. Sai dai tare da kuɗin ana wayar da kan mata da mazajensu game da shayarwa da abincin jarirai da tsabta, ta bakin 'yan sa kai na ƙauyen da rediyo da malamai.

Masu bincike sun bi gidaje a ƙauyuka 210, waɗansu an fara biyansu da wuri, waɗansu kuwa sai daga baya, domin a kwatanta. Sakamakon da suka buga a 2021 ya nuna cewa bayan shekara huɗu tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin ɗari a ƙauyukan da aka fara biya. Kada mai karatu ya ɗauka wani abin al'ajabi ne, domin yaran da suka tsumbure a waɗannan wurare suna nan da yawa. Amma ga wanda ya san wuyar da ke cikin motsa wannan adadi, ba abin rainawa ba ne.

Abin da ya fi jan hankali shi ne inda kuɗin suka shiga. Matan ba su miƙe ƙafa ba, ƙara aiki ma suka yi. Da yawa sun kama ƙananan sana'o'i, da yawa kuma sun sayi dabbobi. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Akuya ita ce bankin matar ƙauye. Tata ce ta kanta, ba ta shiga gandu, miji ba ya sayar da ita sai da yardarta. Ta haihu a sami ƙari, in ciwo ya kama yaro da tsakar damina a kai ɗanta kasuwa a sayo magani ba tare da an taɓa irin shuka ba. Mace ko tana cikin kulle, in ta sami jari za ta soya ƙuli-ƙuli ko ƙosai, ta dama fura, ta fitar da man gyaɗa. Abin da ke hana ta a kullum shi ne 'yan kuɗin farawa, da tsoron kada a cinye jarin ranar da babu cefane. Shi ya sa masu binciken suka ce tabbacin zuwan kuɗin kowane wata yana da nasa muhimmanci, ban da yawansu. Sun kuma tarar cewa samun waɗannan gidaje ya ci gaba da fin na sauran har bayan an daina biyan.

A Jamhuriyar Nijar ma an ga irin haka. Bayan fārin da ya jawo yunwar 2010, ƙungiyar Concern ta raba kimanin jika 22 na sefa a wata, har wata biyar, a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. Waɗanda aka aika wa nasu ta wayar salula sun huta da doguwar tafiya da zaman layi, gidajensu sun fi cin abinci iri-iri, sun kuma fi shuka gurjiya da kuɓewa, amfanin da aka san mata da nomansa.

Ita ma Gwamnatin Tarayya ta shiga wannan fage a 2016, da tallafin Naira 5,000 a wata ga gidajen da ke cikin rajistar matalauta, ana haɗa na wata biyu a biya Naira 10,000, galibi a hannun uwargida. Daga cikin abin da aka zuba a shirin har da dala miliyan 322.5 na dukiyar Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido a 2017. Amma fa a nan ne aka ga raunin kuɗi. Buhun hatsi buhu ne ko yaushe, Naira 5,000 kuwa kullum raguwa ta ke yi a bakin mai awo. Shekaru suka yi ta wucewa ba a ƙara ba, biyan ma yakan yi jinkiri na watanni, kuma kuɗin da ba a san ranar zuwansu ba babu mai iya zuba adashi da su.

Bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023, sai a watan Oktoba gwamnati ta sanar da Naira 25,000 a wata, na wata uku kacal, ga gidaje miliyan 15. Cikin Janairun 2024 aka dakatar da shirin tare da ministar da ke kula da shi bisa zargin karkatar da kuɗi. Da aka koma biya sai aka ce lallai sai mai lambar katin ɗan ƙasa ko ta banki, domin a toshe sunayen bogi. Dalilin yana da kyau, amma wadda ta fi kowa bukata, tsohuwar da ke can ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, ita ce ta fi wuyar mallakar waɗannan lambobi. A tsakiyar shekarar 2024 kuwa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Akwai kuma abin da kuɗi ba su da iko a kansa. Anka da Tsafe, inda aka yi wancan gwaji, suna cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a Zamfara. An kore shanu da awaki, an tashi ƙauyuka, a waɗansu wurare ma manomi ba ya shiga gonarsa ya yi shuka ko girbi sai ya biya su haraji. Akuyar da mace ta tara kuɗin wata uku ta saya, dare ɗaya a kan kore ta tare da garken gari.